Me ya kamata wanda ya gama bautar ƙasa ya rubuta a CV, me kuma ya kamata ya bari?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar aiki game da takardar CV, wato takardar bayanin karatu da ƙwarewar mai neman aiki. Na karanta ilimin tattalin arziki, na yi bautar ƙasa a wata makarantar sakandare ta gwamnati a jihar Neja, kuma tun kafin a ba mu takardar sallama nake tura takarduna wurare daban-daban, amma har yau babu inda aka kira ni ko da jarrabawar tantancewa ce. CV ɗin da nake amfani da shi a wani shagon buga takardu aka tsara mini, shafi huɗu ne, da hotona a sama, sai ranar haihuwa, da jiha, da ƙaramar hukuma, da addini, da matsayin aure, sannan makarantun da na yi tun daga firamare, da abubuwan da nake sha'awa, da masu shaida mutum uku. Tambayata guda biyu ce. Shin tsarin takardar ne yake hana a kira ni, kuma me mutum zai rubuta a gurbin ƙwarewar aiki alhali bai taɓa yin aikin albashi ba?

Baban Halima:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Aikina kenan tantance masu neman aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, saboda haka bari in faɗa maka abin da ke faruwa a teburin da takardarka take sauka. Idan muka tallata gurbi guda, takardun da ke shigowa sun fi ƙarfin a zauna a karanta su ɗaya bayan ɗaya, don haka zagayen farko ba karatu ba ne, leƙe ne, kuma rabin shafin farko kaɗai ido yake iya ɗauka. Idan abin da ya cika wannan rabin shafin shi ne hotonka da addininka da sunan ƙaramar hukumarka, to ka ɓatar da wuri mafi tsada a takardar a kan bayanan da ba za su sa kowa ya ɗauke ka aiki ba.

Takardun shagunan buga takardu kuwa daga nesa muke gane su, domin mai shagon yana da guda ɗaya a kwamfutarsa, sunan wanda ya gabace ka kawai yake gogewa ya sa naka. Dukkansu da jimla ɗaya suke farawa, wadda ke cewa mai neman aikin yana son ya yi aiki tare da ma'aikatan da ya tarar, ya ba da tasa gudummawar don cimma manufofin ma'aikata. Dukkansu abin sha'awarsu karatu ne da tafiye-tafiye da haɗuwa da jama'a. Na taɓa kiran lambar da ke kan irin wannan takarda, wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san mai sunan ba, ashe lambar wadda aka buga wa takarda kafin shi ce ta rage a ciki. Shawarata ita ce ka zauna da kanka ka rubuta sabo, kada ya wuce shafi biyu, kuma a matakinka shafi ɗaya ma ya isa. Sunanka, lambar waya, imel, garin da kake zaune, sai layi biyu ko uku da ke bayyana abin da ka iya wanda ya shafi gurbin, sannan karatu daga digiri zuwa sakandare. Firamare, addini, aure, jiha, hoto, duk ka cire su.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Malam Baban Halima, na yarda da kai a kan firamare da abubuwan sha'awa, amma batun cire jiha da ƙaramar hukuma ina ganin ka yi wa yaron hukunci da ma'aunin kamfani kaɗai. Ni a aikin gwamnati na yi rayuwata har na yi ritaya, kuma a can jihar mutum tana cikin abubuwan farko da ake dubawa. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa a raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda wasu jihohi ƙalilan ko wata ƙabila ba za su mamaye ba, kuma tun 1996 akwai Hukumar Raba Daidai da aka kafa domin sa ido a kan haka. Idan ma'aikatar tarayya za ta ɗauki mutane, jiha-jiha ake ware takardu, a jiha kuma ƙaramar hukuma ake dubawa, har ana neman takardar shaidar zama ɗan asalin wurin. Ɗana, idan ka tura takarda babu jiha a irin wannan wuri, ba wanda zai ɗauki waya ya tambaye ka daga ina kake, gefe kawai za a ajiye ta.

Baban Halima:
Hajiya, gyaranki yana kan hanya, kuma na karɓa. Sai dai ina so a lura cewa manyan hukumomin tarayya a yanzu galibi ta shafin intanet suke ɗaukar ma'aikata, inda akwai gurbin jiha da ƙaramar hukuma da lambar NIN da dole sai an cike kafin a wuce gaba, saboda haka bayanin yana isa gare su ko babu shi a CV. Duk da haka babu laifi ya ajiye iri biyu, ɗaya na gwamnati mai ɗauke da jiha da ƙaramar hukuma da ranar haihuwa, ɗaya na kamfanoni da ƙungiyoyi wanda babu su. Addini ne kawai ban ga dalilin rubuta shi a ko'ina ba, in ba makarantar addini mutum yake neman koyarwa ba.

Ɗan Kantin Kwari:
Ku gafarce ni, manya, amma ina ganin ana wahalar da yaron nan ne da gyaran takarda alhali kowa ya san yadda ake samun aiki a ƙasar nan. Wanda yake da wasiƙar sanata ko ɗan majalisa ko wani babba a ma'aikata, ko da a bayan kwalin sigari ya rubuta sunansa za a ɗauke shi, wanda kuma ba shi da kowa, ko da zinare ya rubuta CV a kwandon shara zai ƙare. Muna da masu digiri da yawa a nan kasuwa suna auna yadi, kuma ba rashin iya tsara takarda ne ya kawo su ba. Gara a faɗa masa gaskiya ya nemi jari tun da sauran ƙarfinsa.

Ummu Khadija:
Yaya Ɗan Kantin Kwari, ba wanda zai musa cewa sanayya tana aiki, musamman a guraben gwamnati da ba a ma tallata su. Amma ka haɗa ma'aikatu duka ka yi musu kuɗin goro. Ni a wata ƙungiyar agaji nake aiki a Maiduguri, ban san kowa ba lokacin da aka ɗauke ni, kuma yanzu da nake zama a kwamitin tantancewa na ga yadda abin yake daga ciki. Ana ba kowannenmu takarda mai ɗauke da sharuɗɗan da aka rubuta a tallar, mu ba da maki a kan kowane sharaɗi, sannan a ajiye takardar makin saboda masu ba da tallafi suna iya zuwa su bincika yadda aka yi ɗaukar. Ko shi mai hanyar da kake magana, abin da babban nasa yake fara ce masa shi ne ya turo CV, kuma babban ba zai so ya miƙa takardar da za ta kunyata shi ba.

Abin da nake so Ɗan Funtuwa ya riƙe shi ne, tallar aikin ita ce jagorarsa. Idan talla ta ce ana neman wanda ya iya tattara bayanai da manhajar KoboToolbox, ya iya Excel, kuma yana jin Hausa da Barbarci, to waɗannan kalmomin nake nema da idona, kuma manyan ƙungiyoyi da bankuna da yawa suna da manhajar da ke karɓar takardu tana ba su damar tace su da irin waɗannan kalmomi kafin mutum ya duba. Wanda ya iya abin amma bai rubuta shi da sunan da tallar ta kira shi ba yana iya faɗuwa tun a nan. Wannan ne dalilin da ya sa CV ɗaya ba ya isa a riƙa watsa shi ko'ina, sai an riƙa taɓa shi gwargwadon kowane gurbi. Harshe ma ƙwarewa ce da 'yan Arewa suke raina wa kansu: sau da yawa mutum yana jin Hausa da Fulatanci da Larabci, amma bai ambace su ba, ga shi kuwa aikin na shiga ƙauyuka ne.

Sannan a kula da yadda ake turawa. Wasu suna ɗaukar hoton takardar da waya, har da inuwar hannunsu da zanen gadon da suka shimfiɗa ta a kai, su turo. Manhaja ba ta cika iya karanta rubutun da ke cikin hoto ba, mu ma da ƙyar muke iyawa. A rubuta a Word, a mayar da shi PDF, a sa wa fayil ɗin cikakken sunan mai shi, a kuma rubuta sunan gurbin a kan saƙon imel kamar yadda tallar ta umarta. Adireshin imel ɗin ma ya zama na sunan mutum, ba laƙabin da abokai suke kiransa da shi a majalisa ba.

Ɗan Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambayata ta biyu ce har yanzu take damuna. Ban da bautar ƙasa, abin da na yi kawai shi ne riƙe wa kawuna littafin lissafi a shagonsa na hatsi duk lokacin hutu da yajin aiki, sai koyarwa a Islamiyyar unguwarmu da yamma, kuma na ɗan zauna a shagon POS na wani maƙwabcinmu. A ganina waɗannan ba abubuwan da za a rubuta wa banki ko kamfani ba ne, shi ya sa a gurbin ƙwarewa na sa bautar ƙasa kaɗai, layi ɗaya.

Baban Halima:
To ai nan ne ainihin matsalar take, ba a hoto ko jiha ba. Ka cika shafi huɗu da abin da ba ka yi wahalar komai a kansa ba, ka ɓoye abin da ka yi da hannunka. Mutumin da ya riƙe lissafin shagon hatsi a Funtuwa ya san shigar kaya da fitarsu, ya san bin bashi, ya san yadda farashin buhun masara yake sauka da kaka ya hau da bazara, kuma an amince masa da kuɗin da ba nasa ba. Wanda ya zauna a POS ya san daidaita kuɗin hannu da na asusu kowane dare, ya san yadda ake lallashin mutumin da aka cire masa kuɗi ba su fito ba, ya san bibiyar banki har a dawo da su. Banki da ke neman mai karɓar kuɗi a kanta ko mai kula da abokan hulɗa, abin da yake nema kenan.

Yadda za ka rubuta shi ne muhimmi. Kada ka ce kawai ka taimaka a shago. Ka sa sunan aikin, wato mai kula da lissafi, da sunan shagon da garin, da watan da ka fara da wanda ka daina, sannan layi biyu ko uku da kowannensu ya fara da abin da ka aikata, tare da adadi inda kake da shi. Misali, a ce ka riƙa rubuta cinikin kullum da basussukan abokan ciniki kusan 40, ko ka mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel, idan har ka yi hakan. Bautar ƙasar ma haka: wane darasi ka koyar, aji nawa, ɗalibai nawa, ka shirya 'yan aji shida don jarrabawar WAEC ko NECO, kuma me ka yi a ƙungiyarka ta hidimar al'umma ta ranar CDS. Adadin ya zama na gaskiya wanda za ka iya karewa, domin a ganawa daga cikin layukan nan za mu ciro tambayoyinmu. Kwanan nan muna yawan ganin takardun da aka sa ChatGPT ya rubuta, Turanci ya tsaru kamar na farfesa, amma da ka ce wa mai ita ya yi bayanin layi ɗaya sai ya fara kallon silin.

Malam Na Zariya:
Ina koyarwa a wata babbar makaranta, kuma akwai abu guda da ɗalibaina suke yawan tambayata wanda ba a taɓo ba, wato shekaru. Bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekaru a shirinsu na ɗaukar sababbin masu digiri, galibi tsakanin 26 da 28, ga shi kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ban da jiran gurbin karatu da jiran kiran bautar ƙasa. Yaro bai yi laifin komai ba sai ya tarar ya haura iyakar. Daga nan sai wasu su je kotu su yi takardar rantsuwa su rage shekaru, su rubuta sabuwar ranar a CV. Ina jan kunnen duk mai wannan tunani, domin ranar haihuwarka tana kan NIN, tana kan BVN, tana cikin bayananka na WAEC da JAMB da hukumar bautar ƙasa ta NYSC, kuma ranar da aka haɗa su aka ga saɓani, ko an riga an ba ka aikin ana iya korarka a kan bayar da bayanan ƙarya. Rashin rubuta ranar haihuwa inda ba a tambaya ba halas ne, sauya ta kuwa wani abu ne daban. Haka matakin digiri: idan talla ta ce sai mai babban mataki na biyu, kai kuma ƙaramin mataki na biyu gare ka, kada ka ɗaga shi, domin za a nemi ainihin takardar. Wanda kuma ya kammala digiri yana sama da shekara 30 aka ba shi takardar yafewa daga bautar ƙasa, ya rubuta hakan a fili da shekarar da aka ba shi, don ita ma takarda ce da doka ta amince da ita.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Allah ya gafarta Malam, ka tuna mini da abin da ya shafi 'ya'yanmu mata. Yarinya za ta gama sakandare da sunan mahaifinta, ta yi aure tana jami'a, sai ta fara rubuta sunan miji a wasu takardu, a ƙarshe CV yana ɗauke da suna ɗaya, satifiket yana ɗauke da wani. Na ga fayil ɗin da ya daɗe a tsaye a ofis saboda wannan kaɗai. Ko dai ta tsaya a kan sunan da ke kan takardun karatunta, wanda shi ne mafi sauƙi kuma babu abin da ya hana, ko kuma ta yi takardar rantsuwa da sanarwar canjin suna a jarida ta ajiye su kusa. Batun rubuta matsayin aure kuwa, a nan ina tare da Baban Halima ɗari bisa ɗari, domin akwai masu ɗaukar aiki da suke ganin matar aure sai su fara lissafin hutun haihuwa kafin su karanta abin da ta iya.

Yayan Bilkisu:
Ni a Ingila nake aikin jinya, kuma zan ƙara wa masu tunanin neman aiki a waje. A nan ba a sa hoto ko ranar haihuwa ko addini ko aure a CV, saboda dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci a kan shekaru da jinsi da addini da launin fata, don haka ma'aikatu ba sa son ganin bayanan tun farko. A Amurka ma haka abin yake, kuma tun 1967 suna da dokar da ke kare 'yan shekara 40 zuwa sama daga wariya a wurin ɗaukar aiki. A Jamus kuwa har yanzu mutane da yawa suna sa hoto, a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma an saba ganin hoto da ƙasar asali. Saboda haka a binciki al'adar inda za a tura. Ga masu sana'ar da ke da hukumar rajista, lasisin ya hau sama kusa da suna, ko na hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ne, ko TRCN ga malamai, ko COREN ga injiniyoyi, ko ICAN da ANAN ga akantoci, don sau da yawa shi ake fara dubawa kafin digiri.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Mu a Nijar da Faransanci muke rubutawa, kuma CV shi kaɗai ba ya tafiya, sai an haɗa shi da wasiƙar da ke bayyana dalilin neman aikin, da kwafin takardun karatu da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu da ke nuna ba a taɓa hukunta mutum ba, wadda galibi ake so kada ta wuce wata uku da fitowa. Tallace-tallace da yawa kuma suna neman katin hukumar samar da aiki ta ANPE. Sa hoto ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma maganar Baban Halima a kan aikin kasuwa ta shafe mu sosai, domin samarinmu da ke kai da kawo da kaya tsakanin Maraɗi da Katsina ta Dan Isa da Jibiya sun san canjin sefa da naira da takardun kwastan fiye da wanda ya karanta su a aji, kuma ba su taɓa tunanin rubuta hakan ba.

Ɗan Kantin Kwari:
Na ji bayananku, kuma ban janye maganata a kan aikin gwamnati ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne gargaɗi: duk wanda ya karɓi CV ɗinka sannan ya ce ka turo kuɗin fom ko na gurbi ko na horo kafin ganawa, ka rabu da shi, domin mun ga waɗanda suka sayar da gona suka karɓi takardar ɗaukar aiki ta jabu. Kada kuma a sa lambar BVN ko ta asusun banki a CV.

Malam Na Zariya:
Saura batun masu shaida. Sau da yawa ana kirana a kan ɗalibin da ya sa sunana ba tare da ya sanar da ni ba, in tsaya ina lalube a waya ina ƙoƙarin tuna fuskarsa, wanda kuma ya kira ni yana jin wannan laluben. Ka nemi izini tukuna, ka tura wa mutumin CV ɗin da tallar aikin. Kuma ka zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa, kamar malamin da ya duba kundin bincikenka ko shugaban makarantar da ka yi bautar ƙasa, maimakon hakimi ko ɗan siyasar da bai san ka ba kuma ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. A ra'ayina a rubuta mutum biyu da lambobinsu a ƙarshen takardar.

Ummu Khadija:
Malam, a kan izini da zaɓin mutum muna tare, amma a kan rubuta su a takardar ina da ja. CV yana yawo hannu da hannu, ana tura shi a WhatsApp, ana ɗora shi a shafukan neman aiki irin su Jobberman da LinkedIn, kuma lambar malamin tana tafiya tare da shi duk inda ya je. Mu ba ma kiran masu shaida sai bayan an gama ganawa an zaɓi mutum, a lokacin ne muke neman sunayensu, kuma muna fifita wanda ya shugabance shi kai tsaye a aikinsa na ƙarshe. Idan tallar ta ce a sa su, a sa. Idan ba ta ce ba, gara Ɗan Funtuwa ya yi amfani da layukan da sunayen masu shaida za su ci wajen bayanin lissafin shagon hatsi, ya ajiye sunayen a wata takarda daban har ranar da za a tambaye shi.